RUWA BA YA TSAMI BANZA

Ƴan uwa talakawan Nijar, ku saurara!

Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. A 2021 kamfanin Cominak ya rufe raminsa na Akokan, ya bar tudun dusar ma'adini wajen tan miliyan 20, mai guba wadda ido ba ya gani. Ƙarƙashin hamadar nan akwai ruwan da ya taru tun shekaru dubbai. In ya ɓaci, babu daminar da za ta wanke shi. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta bayyana cewa cikin ruwa biyar da aka auna can, huɗu sun wuce haddin uraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wani zai ce ai daga dutsen Allah yake. Me zai raba gardama? Lissafi! A ɗebi ruwan rijiyoyi da yawa, a auna uraniyom, gishiri, tsami da sulfat na kowace, sa'an nan a haɗa alƙaluman wuri guda a ga waɗanda ke hawa tare. Da asid mai sulfat ake narkar da ma'adinin. Rijiyar kusa da tudu da uraniyom da sulfat suka hau tare a cikinta, ta nuna inda gubar ta fito.

Muna da jami'a a Yamai da Agadas. Gwamnati ta ba ƴaƴanmu kayan awo, su auna kowace shekara, a karanta sakamakon da Hausa da Tamashek a bainar jama'a. Ƙasar da baƙo ke auna mata ruwan sha, da sauran aiki a ƴancinta.