Raddi Ga Masu Cewa Kanada Ke Kashe 'Yan Hokin Rasha

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin manyan hokin ƙanƙara na Rasha, daga shugabannin kulob har tsofaffin 'yan wasan da suka koma sharhi a talabijin. Cewa suke yi yaron da ya tattara komatsansa yana ɗan shekara 17 ya nufi gasar matasa ta Kanada ya yanke wa kansa tsani, wanda kuwa ya yi haƙuri ya zauna gida shi ke zama gwani. Wato dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 2015 har Vyacheslav Fetisov ya kawo shawarar a kafa dokar da za ta hana ɗan wasa fita sai ya cika shekara 28. Shi ne fa wanda ya sha fama da hukumomin Tarayyar Sobiyet kafin su sake shi ya tafi New Jersey a 1989.

Kafin mu bi hujjojinsu, sai a san abin da ke gaban yaron. A gida akwai hawa uku: gasar matasa ta MHL da aka kafa a 2009, wadda ake neman Kofin Kharlamov a cikinta, sai VHL ta manya masu daraja ta biyu, sai KHL, babbar gasar da ta fara a 2008. A ƙetare akwai CHL, lema ce da ta haɗa gasanni uku, OHL da WHL da QMJHL, masu ƙungiyoyi sittin da ɗoriya ko kusa da haka a Kanada da arewacin Amurka. Akwai kuma USHL ta Amurka. Burin kusan kowane yaro ɗaya ne, ya kai NHL. Hanyar ce ake gardama a kai.

Hujjarsu ta farko jerin sunaye ce. Sukan ce a dubi Ovechkin da Malkin da Datsyuk da Panarin da Kaprizov, duk a gida suka nuna kafin su fita. Sannan a dubi Yakupov da Grigorenko da Burmistrov, da suka yi gaggawa suka dawo ba su cika alkawarin da aka gani a jikinsu ba.

Jerin yana da daɗin ji, amma ukun farko ba shaidun wannan shari'a ba ne. Ovechkin da Malkin da Datsyuk ba su taɓa buga MHL ba, domin babu ita a zamaninsu. Ovechkin yana ɗan shekara 16 ya fara shiga cikin manya a Dynamo ta Mosko. Wanda ke cin tuwo da manya tun yana wannan shekaru ba a tambayarsa wace gasar yara zai zaɓa. Kaprizov ma, da Minnesota ta ɗauka a matsayi na 135 a zaɓen NHL na 2015, abin da ya raine shi shi ne ya tashi a Metallurg ta Novokuznetsk, kulob mara ƙarfi da ba ta da kuɗin sayen taurari, dole ta saka ɗan shekara 17 a fili. A 2017 aka fitar da wannan kulob daga KHL. Tarasenko kuwa a Sibir ta Novosibirsk ya girma, har da lokacin da mahaifinsa ne kocin ƙungiyar. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne sun samu mintuna masu yawa a kan ƙanƙara, suna gogayya da waɗanda suka fi su ƙarfi, tun ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Masu hujjar sun ga mintuna, suka kira su gida.

Sannan ina lissafin waɗanda suka zauna suka ɓace? MHL tana da ƙungiyoyi fiye da talatin, kowace shekara tana yaye yara ɗaruruwa. Wanda ya tafi Kanada ya kasa, duniya ta san sunansa, jaridu na ta maimaita shi. Wanda ya zauna ya ƙare a wata ƙaramar ƙungiyar VHL ba mai tuna shi, balle a ɗora laifin a kan zamansa. An ƙirga gawar gefe ɗaya, an ƙirga sarakunan ɗaya gefen, aka ce wai an yi awo.

Hujja ta biyu ita ce Yakupov shi kaɗai, don shi ne sandar da suka fi so su ɗaga. Nail Yakupov ya bar Nizhnekamsk a 2010 ya shiga Sarnia Sting ta OHL. A kakarsa ta farko ya ci 49, ya tara maki 101. Edmonton ta ɗauke shi na ɗaya a duk duniya a 2012. Ya buga wasa 350 a NHL, ya ci 62 kacal, ya koma SKA ta KHL a 2018. Suka ce ga abin da Kanada ke yi wa yaranmu.

To ai a wannan garin na Nizhnekamsk aka haifi Mikhail Sergachev. Shi ma yana ɗan shekara 17 ya tafi OHL ɗin nan dai, ya sauka a Windsor, garin da ke lardin Ontariyo ɗaya da Sarnia. Montreal ta ɗauke shi na tara a 2016, ya ci Kofin Memorial a 2017, ya ɗaga Kofin Stanley sau biyu da Tampa Bay, a 2020 da 2021. Gari ɗaya, gasa ɗaya, ƙarshe daban. Da gasar ce guba, da ta kashe su biyun. Kuma duk mai son ya yi wa Yakupov adalci sai ya duba inda ya faɗa bayan Sarnia. A kakarsa ta farko a NHL ya ci 17 a wasa 48, babu sabon shiga da ya fi shi ci a shekarar. Daga nan Edmonton ta shiga canza koci kamar riga: Krueger, Eakins, Nelson, McLellan, duk a cikin shekara huɗu. Yaron yana da nasa rauni, musamman in faifan ba ya kan sandarsa, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Grigorenko da Burmistrov kuwa ciwonsu iri ɗaya ne: Buffalo da Atlanta sun jefa su NHL suna 'yan shekara 18, ba su isa ba. Wannan laifin gaggawar manya ne, ba na Quebec ko Barrie, inda suka buga gasar matasa, ba.

Ta uku, sun ce salon Kanada na dakushe basira. Wai can ƙarfi ne da karo da cilla faifai lungu a bi shi da gudu, a ƙuntataccen fili, alhali makarantar Rasha tun zamanin koci Tarasov ta ginu ne a kan miƙa faifai da riƙe shi da tunani.

Nikita Kucherov ya isa amsa. Ya buga MHL a ƙungiyar matasan CSKA, Tampa Bay ta ɗauke shi na 58 a 2011, sannan a 2012 ya tsallaka zuwa Quebec Remparts ta Patrick Roy. Can ya tarar da baƙi sun yi yawa, ƙa'ida kuwa a lokacin baƙo biyu kowace ƙungiya, sai aka tura shi Rouyn-Noranda, wani garin ma'adinai mai tsananin sanyi a arewa maso yammacin lardin Quebec. Wannan mutumin ne ya tara maki 128 a kakar 2018 zuwa 2019, ya kuma tara 144 shekara biyar bayan nan. Duk wanda ya kalli yadda yake ɓoye niyyarsa kafin ya saki faifai ya san ba abin da aka dakushe. Andrei Svechnikov ya bi ta Muskegon ta USHL, ya wuce Barrie, Carolina ta ɗauke shi na biyu a 2018, kuma shi ne ya fara ɗora faifai a kan bakin sanda daga bayan raga ya cusa a wasan NHL. Maganar faɗin fili ma ta tsufa. Na NHL faɗinsa kusan mita 26 ne, na Turai na gargajiya mita 30, amma ƙungiyoyin KHL da kansu sun yi ta rage nasu zuwa 28 ko 26. Abin mamaki ne mutum ya matse ɗakinsa, sannan ya zagi maƙwabci da ƙuncin ɗaki.

Hujja ta huɗu ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji nauyinta ba. Sun ce a gida akwai tsani: yaron da ya fi ƙarfin MHL gobe sai a ɗaga shi VHL ko KHL ya gamu da magidanta masu shekara talatin. A Kanada kuwa shekara da shekaru yarjejeniyar NHL da CHL ta tanadi cewa wanda aka zaɓa daga CHL, in bai samu gurbi a NHL ba, dole ya koma cikin yara har ya kai 20, ba zai je AHL, gasar manya da ke ƙarƙashin NHL, ba. Wannan gaskiya ne, kuma tarko ne. Ɗan shekara 19 da ke buga minti goma sha biyar a KHL ya fi wanda ke wasa da 'yan 16 a Ontariyo samun horo, ba tantama.

Amma yara nawa ne ke samun mintunan? KHL tana ba ƙungiya damar ƙara matasa a jerin 'yan wasan ranar, har 'yan ƙasar suna da sunan da suke kiran irin wannan yaro, limitchik. Da yawansu sukan sa kaya, su zauna a ƙarshen benci su buɗe ƙofa su rufe, wasa ya tashi ba su taka ƙanƙara sau uku ba. Kocin babbar kulob an ɗauke shi ne ya ci kofi, ba ya yi raino ba, kuma in ya ji yaro na shirin tafiya Amurka sai hannunsa ya ƙara nauyi. Vasily Podkolzin, da Vancouver ta ɗauka na goma a 2019, ya shafe shekaru biyu a SKA yana tsintar mintuna kamar mai kalen gyaɗa. Matvei Michkov sai da SKA ta ba da aronsa ga Sochi, ƙungiyar ƙasan tebur, kafin ya tara maki 41 a kaka guda yana ɗan shekara 19. Ivan Demidov ya tara maki 60 a wasa 30 na MHL a kakar da za a zaɓe shi. Maki biyu kowane wasa alama ce ta yaron da ya wuce ajinsa, amma wasanni ƙalilan aka ba shi a sama a wannan shekarar. Da aka buɗe masa ƙofa a kakar da ta biyo, ya tara 49 a KHL. Tsanin yana nan, sai dai wani ne ke riƙe da ƙafarsa. Wanda ya je OHL ko WHL kuwa ya san wasa 68 ne a gabansa, kuma ƙungiyar da ta kashe gurbin baƙonta a kansa ba don ya ɗumama benci ta kawo shi ba.

MHL ɗin kanta ba ruwa ɗaya ba ce. Tsakanin Loko ta Yaroslavl, da ta ci kofin a 2016 da 2018 da 2019, da ƙananan ƙungiyoyin da ake lallasawa kowane mako, tazarar ta yi yawa. Cin da aka yi wa mai rauni ba ya koya wa yaro komai sai girman kai.

Suna kuma kawo kewa da harshe da zama gidan baƙi, da ɗan abin kashewar da CHL ke bayarwa wanda bai kai albashi ba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, har ma da abin da ya fi haka muni: a 2020 tsohon ɗan wasa Daniel Carcillo ya jagoranci ƙarar da ta tona irin cin zarafin da manyan 'yan wasa ke yi wa sabbin shiga a gasannin matasan Kanada. Uban da bai bincika gidan da ɗansa zai sauka ba ya yi sakaci. Amma yaron da ke son NHL ko ba jima ko ba daɗe sai ya koyi Turanci ya saba da kaɗaici, abin tambaya kawai shi ne a shekara 17 ko a 23. Wani zai iya da wuri, kamar Ivan Provorov da ya bar Yaroslavl tun bai kai sha biyar ba. Wani in ya gwada zai karye. Wannan hujja ce ta a san hali da ƙarfin zuciyar yaro, ba ta isa ta zama doka a kan kowa ba.

Wuri guda na sallama musu baki ɗaya: masu tsaron raga. Vasilevskiy da Shesterkin da Sorokin duk a gida suka ƙware, gola kuwa a hankali yake nuna. CHL ma da kanta ta taɓa rufe wa gololin Turai ƙofa na wasu shekaru, sai a 2018 ta sake buɗewa.

Saura abin da ba su cika faɗa ba. Babu yarjejeniyar musayar 'yan wasa tsakanin Rasha da NHL irin wadda Suwidin da Finlan suke da ita, don haka kulob ɗin da ta raini yaro tun yana ɗan shekara bakwai, in ya fita ba ta samun abin kirki. Haushinta halal ne. Sai dai a kira shi da sunansa, asarar kulob, a daina sa masa rigar nasiha. Doguwar kwantiragin da ake miƙa wa ɗan shekara 17 domin wa aka rubuta ta?

Tun 2022 kuma lissafin ya sake. Bayan mamayar Yukiren, hukumar hoki ta duniya ta dakatar da Rasha, yaran suka rasa gasar matasa ta duniya, wadda ita ce babbar kasuwar baje hajarsu. Masu farautar 'yan wasa na NHL da yawa suka koma kallon bidiyo. CHL ta hana ɗaukar 'yan Rasha a shekarar, ta janye hanin a 2024, ta kuma ƙara gurbin baƙi zuwa uku a 2025. A watan Yulin 2022 aka tsare Ivan Fedotov bayan ya sa hannu da Philadelphia, aka tura shi aikin soja a arewacin ƙasar. Ba yaro ba ne a lokacin, amma iyayen yara sun gani. Daga watan Agustan 2025 kuma jami'o'in Amurka suka fara karɓar waɗanda suka buga CHL, abin da a da haramun ne. Ke nan tarkon da na amsa musu a hujja ta huɗu ya samu ƙofar fita: ɗan shekara 19 da ya fi ƙarfin yaran Ontariyo, in karatunsa da Turancinsa sun kai, yana iya wucewa jami'a ya kara da 'yan shekara 23 da 24.