"Ai ganye ne": waye ya auna?

'Yan uwa, jiya da marece a bakin titi nan Gaweye na tsaya gun wani mai tallar magani. Kwalaye ne jere masu hoton ganye, an rubuta daga Indiya suke: na ƙarfin maza, na basir, na ƙara ƙiba. Na ce malam, mi ke ciki? Ya yi dariya ya ce: "Ai ganye ne zalla, ba ya cutarwa."

Wannan magana ita ta hana ni barci.

A maganin gargajiyar Indiya, wanda suke kira Ayurbeda, akwai haɗin da ake zuba ƙarfe da gangan, a ƙone shi ya koma toka, a gauraya da itatuwa. A 2004 wasu likitoci a Boston ta Amurka sun sayo irin waɗannan magunguna 70 a shaguna suka auna. Guda 14 na ɗauke da dalma, ko zaiba, ko gubar arsenik. Ɗaya cikin biyar ke nan, kuma a ƙasar da ake tsananta bincike. To mu nan Yamai, da kwali ke shigowa ba mai buɗe shi fa?

Dalma ba baƙuwarmu ba ce. A 2010 a Zamfara, ƙurar dutsen zinari ta kashe yara sama da 400. Kwallin da iyayenmu ke ranbaɗa wa jarirai ma, sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. Muguntarta, ba ta da wari, ba ta kada mutum rana ɗaya. Jiki yana ɓoye ta cikin ƙashi shekara da shekaru, mai ciki ta miƙa wa ɗan da ke cikinta, yaro ya tashi kai ba ya ja a lakkal, a ce shi ne dakiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya illa.

Ni ba gaba nake da maganin gargajiya ba, da sabara da bagaruwa aka raine ni. Amma kakata ta san bishiyar da ta saro. Wannan garin na cikin kwali, ko mai sayarwar bai san shi ba.

Muna da ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, nan cikin Yamai. Ma'aikatar kiwon lafiya ta ɗebo kwalayen nan daga kasuwanni, a auna, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci, a ambaci sunan kowane magani. Kafin nan, don Allah wanda ke da irinsu a gida ya nisanta su daga yara da mata masu ciki. Wanda kuma ya daɗe yana sha, ga ciwon ciki da kasala sun ƙi ƙarewa, ya ɗauki kwalin ya tafi da shi likita ya nuna.