Mai Sayen Fili A Dukku Ya Nemi Takarda Tukuna

Tun da darajar Naira ta faɗi warwas a shekarar 2023, wanda ya sayar da hatsi ko shanu ba ya son kuɗinsa su kwana a aljihu. Shi ya sa a ƙasar Kontagora, har da garin Dukku na ƙaramar hukumar Rijau, hankalin mutane ya koma kan filaye da gonaki. Dabara ce mai kyau, to amma sabon shiga wannan sana'a ya kamata ya san abin da yake saye kafin ya ƙirga ko sisin kwabo.

Dokar Amfani da Ƙasa wadda Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Obasanjo ta kafa a watan Maris 1978 tana nan daram, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. A ƙarƙashinta, ƙasar jiha duka amana ce a hannun Gwamna. Abin da mutum yake samu shi ne izinin zama ko noma a kanta. Filin da ke yankin da aka ayyana birni, Gwamna ne ke ba da izininsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce, kuma ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 na noma ba sai da yardar Gwamna.

Saboda haka shaidar mai unguwa ko dagaci, duk da muhimmancinta, ba ta isa ba. Dokar ta ce cinikin da aka yi ba da amincewar hukuma ba rusasshe ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi wa bankin Savannah a shari'arsa da Ajilo, don kawai ba a nemi yardar Gwamna ba. Idan banki mai lauyoyi ya yi asara haka, ina ga ɗan tireda?

Abu na biyu shi ne gado. Gonaki da yawa a karkara na gandu ne, ba a raba su ba. Babban wa zai sayar, bayan shekaru ƙannensa mata ko marayun ɗan'uwansa su kai ƙara gaban alƙali, mai saye ya rasa gona ya rasa kuɗi. Wajibi ne ya ga magada duka, a taka iyaka gaban maƙwabta, a sa hannu, sannan a kai takarda sakatariyar Rijau, ko ofishin filaye a Minna in filin na birni ne.

Na uku, idan hukuma ta karɓi fili don hanya ko makaranta, diyyar gini da shuka take biya. Wanda ya saya ya bar shi fayau yana jiran tsada, kusan hannu wofi zai tashi. Gara ya noma shi, ko ya dasa mangwaro da kashu. Ya kuma duba tsaro, domin gonar da 'yan bindiga suka hana zuwa ba ta da araha ko nawa aka sallama ta.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Mai neman arziki ta hanyar ƙasa ya fara da ƙaramin fili mai cikakkiyar takarda. Allah Ya sa a gane.