Alkafura Ba Labari, Miya Ce Ba Gishiri: Tsokaci a Kan Makomar 'Yan Wasan Jiki

Duk wanda ya taɓa halartar taron nuna al'adu a Abuja, ko a Cibiyar Fasaha da Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Eriya 10 a Garki, ko a bikin baje kolin al'adu na Abuja da aka fara a shekarar 2005, ya san yadda abin yake gudana. Ƙungiyar jiha kaza ta shigo fili, kiɗa ya tashi, samari su yi ta alkafura, wani ya hau kafaɗar wani, a yi tafi, mai gabatarwa ya ce lokaci ya cika. Wata ƙungiyar ta shigo ta yi kusan irin wannan. Idan aka watse ka tambayi ɗan kallo abin da ya gani, iyakar abin da zai ce maka shi ne, yaran nan sun iya tsalle. Bayan kwana biyu ya manta da su.

A nawa ra'ayin, matasanmu masu wasa da jiki suna da ƙarfi da gwaninta daidai da na kowa a duniya. Abin da suka rasa shi ne labari. Kuma mu ɗaliban Hausa, da muke kwana muna tashi da tatsuniya da almara da tarihi, muna da alhaki a cikin wannan rashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Muna da 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe ta, da 'yan tauri masu wasa da wuƙa, da gardawa masu yawo da kura da macizai da birai, da 'yan dabo masu rufa ido, da 'yan kama masu sa mutum dariya har ya riƙe ciki. Muna da 'yan koroso na Kano, waɗanda suke lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi a cikinsa, sarewa na tashi, kayan kacau-kacau na amsawa a ƙafafunsu. Haka kuma muna da wasannin da suke ɗauke da labari da darasi, kamar tashen watan azumi, inda yara suke kwaikwayon Jatau mai magani ko zaman Mairama da Daudu, da wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa. Matsalar ita ce, masu gwanintar jiki suna gefe guda, masu labari suna gefe guda, ba a cika ganin an haɗa su a fage ɗaya ba.

Wannan haɗin shi ne abin da wasu ƙasashe suka yi suka ci riba. Wasan da Turawa suke kira sakas, wato taron 'yan alkafura da masu tafiya a kan igiya da masu barkwanci a cikin zagayayyen fili, ya samo asalinsa na zamani ne a Landan a shekarar 1768, a hannun wani tsohon sojan doki mai suna Philip Astley. Kusan shekara 200 aka yi ana tafiyar da shi kamar yadda muke yin namu a yau: wannan ya fito ya nuna bajinta ya koma, wancan ya fito da zaki ko giwa. Daga shekarun 1970 sai wasu matasa, musamman a Faransa, suka ajiye dabbobi, suka mayar da wasan gaba ɗaya ya zama labari guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. A 1985 gwamnatin Faransa ta buɗe makarantar ƙasa ta koyon wannan fasaha. A Kanada kuwa, 'yan wasan kan titi ne suka kafa Cirque du Soleil a 1984, wanda ya zama kamfanin da ya fi kowane suna a wannan sana'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Guy Laliberté, da tafiya a kan dogayen sanduna da fesa wuta da baki ya fara.

Kada mai karatu ya ce ai wannan sai Turawa. A Habasha an kafa irin wannan ƙungiya a Addis Ababa tun 1991, da yaran unguwa. A ƙasar Gini an kafa Circus Baobab a 1998, kuma wasansu na farko a kan almarar wani biri mai kiɗa aka gina shi, da kiɗan gargajiyarsu. A 'yan shekarun nan sun fito da wani wasa a kan matsalar ruwan sha, inda gorunan roba suka zama kayan wasa. A Dakar ta Senegal, wanda ya kafa ƙungiyar Sencirk, Modou Fata Touré, tsohon almajiri ne da ya yi rayuwar titi. Ashe ke nan wanda ya san yawan yaran da suke gararamba a tashoshinmu bai kamata ya ɗauki wannan magana da wasa ba.

Mu kuwa, idan ba mu ba da labarinmu ba, wani zai ba da shi a madadinmu. A shekarar 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya sami wasu gardawa a gefen Abuja ya ɗauke su tare da kurayensu, daga baya ya fitar da littafi a 2007. Hotunan sun zaga duniya. Amma wanda ya kalle su, mutum kawai zai gani riƙe da sarƙa da kura, ba zai ji kirarinsu ba, ba zai san yadda suka gaji sana'ar ba, balle abin da suke nufi da ita.

To, yaya ake ba da labari da jiki? Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda kusan kowa ya sani. Hankaki suna cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su, kowa ya ara masa gashi ɗaya ya yi fiffike, suka tafi tare. Da aka isa sai haɗama ta motsa, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can har ya faɗa ruwa. A fage, samari shida za su hau kan juna su zama bishiyar. Wasu su ɗaga Gizo sama suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu, wannan shi ne tashinsa. Duk hankakan da ya karɓe gashinsa, hannu ɗaya ne ya janye daga cikin masu tallabe da shi, har ya rage saura mutum ɗaya, sannan ya rikito da alkafura. Alkafurar dai ita ce wadda muka saba gani, amma yanzu ta zama sakamakon haɗama, kuma ɗan kallo ya daɗe yana jiran ta da faɗuwar gaba. Haka za a iya yi da labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, inda igiyar guga da jerin 'yan wasa masu lanƙwasa jiki za su wadatar.

Ƙa'idar ita ce, kowane tsalle ya kasance yana da dalili a cikin labarin. Wanda ba shi da dalili a cire shi, komai kyansa. Kuma kada a ɗora wa mai sanarwa nauyin bayani da lasifika, domin gani ya kori ji. Wannan yana da muhimmanci a gari irin Abuja, inda Gbagyi da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi suke zaune a benci ɗaya. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san cewa kafin kunne ya kama karin magana, ido ya riga ya fahimci motsi.

Na san akwai masu ja. Wasu za su ce wannan sana'ar 'yan tasha ce, kuma tana cakuɗe da asiri da tsafi. Gaskiya ne wasu masu wasan gargajiya suna jingina gwanintarsu ga layu da magani. Amma tsayuwa a kan hannu ko cafe garma horo ne na shekaru, kuma idan aka koyar da shi a fili, da malami da katifa da tsari, zargin zai kau da kansa. Wasu kuma za su ce ai gyara al'ada ɓata ta ne. Amsata ita ce, al'adar da ba ta ciyar da mai ita ba ta daɗewa. Yaron da yake samun 'yan canjin liƙi sau biyu a shekara, gobe acaɓa zai koma, gwanintar ta tafi ke nan. Wasan minti biyar liƙi kawai yake jawowa, amma na awa guda mai labari ana sayar masa da tikiti, ana gayyatarsa makarantu, ana fita da shi ƙasashen waje. Batun dabbobi kuwa, gara a bar kura a daji, mutum ya kwaikwaye ta.

Saboda haka ina kira ga ɓangarori uku. Na farko mu ɗalibai: maimakon kowane kundin digiri ya tsaya a kan jigo da salo, wasu daga cikinmu su zauna da 'yan koroso ko 'yan hoto, su rubuta musu tatsuniya a tsarin motsi, a gwada a makon Hausa. Na biyu malamanmu, su haɗa hannu da sassan wasan kwaikwayo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi suna tun shekarun 1970 wajen kai wasa ƙauyuka, don haka hanyar ba sabuwa ba ce. Na uku hukumomin al'adu na Abuja da na jihohi, su ware ɗaki guda da katifu da mai horarwa da kayan taimakon gaggawa, a buɗe wa matasa ko da sau biyu a mako, domin wasan nan yana da haɗarin karaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cibiyar da ke Garki tana ɗauke da sunan marubucin da aka haifa a Minna, wanda ya gina wasu littattafansa a kan rayuwar Arewa. Babu wurin da ya fi ta dacewa a fara wannan aiki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su suna da jiki, mu muna da labari. Allah ya sa masu abin su ji, amin.