Tayar Hunturun Turai A Kan Kwaltar Bazararmu

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2024, duk direban da aka kama a ƙasar Jamus yana tuƙi a kan dusar ƙanƙara da tayar da ba ta ɗauke da tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa, to tarar Yuro 60 ta hau kansa, a kuma rubuta masa maki guda na laifi a kundin direbobi. Kafin wannan rana, tsofaffin tayoyin da aka ƙera gabanin 2018 masu ɗauke da haruffan M+S kaɗai suna wucewa a matsayin tayoyin hunturu. Faransa ma ta bi sahu a yankunanta na tsaunuka daga watan Nuwamba na shekarar. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin? Ni kuwa ina ganin da ruwanmu, domin duk tayar da Bature ya cire daga motarsa sai ta sami inda za ta ƙarasa rayuwarta, kuma mun san ko su wane ne ke sayen tayar da ake kira 'yar Beljiyam.

Bari mu fara da yadda su masu abin suke zaɓe. Robar tayar da aka saba da ita takan fara ƙandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma robar da ta ƙandare ba ta kama titi, sai dai ta riƙa sulɓi. Saboda haka masana'antu kan haɗa tayar hunturu da roba mai laushi wadda sanyi ba ya sandarar da ita, su zurfafa zanenta, sannan su yi mata ɗaruruwan ƙananan tsagogi da ke buɗewa su ciji ƙanƙara a yayin da tayar ke juyawa. Kamfanin da a yau ake kira Nokian a ƙasar Finlan shi ne ya fara ƙera irin wannan taya a 1934 domin manyan motoci, ya fitar da ta ƙananan motoci a 1936. Akwai kuma mai ƙusoshin ƙarfe, wadda ake amfani da ita a Finlan da Suwidin da Nowe inda titi kan zama tamkar madubi, amma Jamus ta haramta ta tun a 1975 saboda yadda take cin kwalta.

Bambancin alamomin nan biyu shi ne zuciyar sabuwar dokar. Haruffan M+S, masu nufin taɓo da dusar ƙanƙara, iƙirari ne na kamfani kawai, babu wata jarrabawa da tayar ta ci kafin a buga mata su. Shi kuwa tambarin dutse, sai taya ta ci gwajin kama titi a kan dusar ƙanƙara kafin a ba ta. Ƙannenmu da 'ya'yanmu likitoci da ɗaliban da suka tsallaka Kanada da Turai a 'yan shekarun nan, wannan tambari shi ne abin da ya kamata su fara dubawa. Su kuma sani cewa ana sa huɗun ne gaba ɗaya, domin wanda ya sa biyu a gaba ya bar na baya yadda suke, bayan motarsa zai iya juyowa a kwana ta farko. A lardin Kwibek na Kanada tilas ne tun 2008, kuma a halin yanzu wa'adin yana kamawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ostiriya daga 1 ga Nuwamba ne zuwa 15 ga Afrilu, muddin yanayin ya kama. Jamusawa ba su yanke wa'adi a doka ba, sai dai al'adarsu ita ce daga Oktoba zuwa bikin Ista.

To, a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Sabuwar tayar hunturu kan zo da zane mai zurfin milimita 8 zuwa 9. A Ostiriya, da zarar zurfin ya gaza milimita 4, doka ba ta ƙara ɗaukarta a matsayin tayar hunturu, kuma a Jamus ma shawarar da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa ke nan, ko da yake iyakar doka milimita 1.6 ce. Ma'ana, Bature na yar da ita ne alhali da sauran kusan rabin zanenta. Idan wannan taya ta sauka a shagon mai taya a Kano ko Kaduna, aka wanke ta, aka goga mata mai tana ƙyalli, ta fi sauran 'yan uwanta kyan gani. Mai saye zai cusa ɗan yatsa a cikin zanen, ya ji zurfi, ya ga sunan babban kamfani a jiki, ya ce ya yi tsintuwa. Ba shi da labarin cewa an ƙera ta ne domin garin da ruwa ke daskarewa a cikin famfo.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Laushin da ya zama alheri a kan ƙanƙara, a nan ya zama illa. Robar takan ƙara saki, zanen ya riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyin mota, tayar ta tara zafi a cikinta, ta cinye da wuri, kuma idan aka taka burki tazarar tsayawa ta fi ta tayar da aka yi domin zafi. Ba ina cewa duk tayar hunturu da ta taka titinmu sai ta fashe ba ne. Amma a haɗa tsufan robar da lodin da ya wuce kima, a haɗa da iskar da mai faci ya auna da bugun hannu, a haɗa da gudun da direbobin haya ke yi tsakanin Kano da Zariya da tsakar rana, sai a ga cewa mun tara wa taya ɗaya duk abokan gabarta a lokaci guda. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dabarar cusa taya biyu ko uku a cikin ɗaya domin kwantena ta ɗauki da yawa, abin da ke lanƙwasa wayoyin ƙarfen da ke bakin tayar ta yadda ido ba zai gani ba.

Abin mamakin shi ne, a takarda, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su Nijeriya. Duk da haka babu garin da ba a jera su a bakin titi, wani lokaci ma daura da shingen jami'an tsaro. Ban ga laifin talakan da ke saye ba. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Ikeja a 2008, bayan rashin wutar lantarki da rage harajin tayoyin waje sun hana su numfashi. Tun daga nan ƙasar da kusan komai nata ke tafiya a kan taya ta koma dogaro da abin da jirgin ruwa ya kawo, kuma da darajar Naira ta faɗi a 2023 sai sabuwar taya ta ƙara yi wa mai albashi nisa. Haramcin da bai zo da madadi ba, riba ce kawai ga 'yan fasa-ƙwauri.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta yi ƙoƙari wajen wayar da kan jama'a a kan shekarun taya, har ta yanke wa'adin shekara huɗu daga ranar ƙira. Ana iya jayayya da wannan adadi, tun da wasu manyan kamfanonin na cewa a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma. Ƙorafina shi ne an tsaya ga shekaru an manta da iri. Tayar hunturun da aka ƙera bara za ta wuce kowane shinge lafiya lau, alhali ba ta dace da titin Gusau a watan Afrilu ba. Da hukumar da takwararta mai kula da ingancin kayayyaki za su buga hoton tambarin nan su manna a tashoshin mota, su yi bayaninsa da Hausa a rediyo, su kuma zauna da ƙungiyoyin masu faci da dillalan taya, da aikin da za a yi da 'yan kuɗi kaɗan ya fi na kame a kan hanya.

Kafin a kai ga haka, mu da muka yi boko ba mu da uzuri, domin duk bayanin yana rubuce a gefen tayar. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 3519, alal misali, na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Harafin da ke ƙarshen lambar girman taya iyakar gudunta ne, Q kilomita 160 a awa, T 190, H 210. Haruffan M+S su kaɗai ba lalle su zama abin tsoro ba, domin tayoyin jif da na kowane yanayi da yawa na ɗauke da su. Amma idan ka ga tambarin dutse, ga tsagogi birjik kamar an yi wa zanen zube, ka danna farce ka ji robar ta lotsa, ko ka ga ƙananan ramukan da aka zare ƙusoshi daga cikinsu, to ka mayar wa mai shago kayansa, ko da ya rage maka rabin kuɗin.