Hatsin Magidanci a Rumbun Kampani

Duk ma'aikacin gwamnatin da albashinsa ke faɗawa banki ya san zafin a taɓa masa kuɗi tun bai ɗora hannu a kansu ba. Duk ɗan kasuwa kuma ya san cewa wanda ya karɓi kuɗin kaya kafin ya kawo kayan, ya samu jarin da bai sha wahalar nema ba. Waɗannan abubuwa biyu sun haɗu a cikin tsarin da akasarin magidantan ƙasar Ingila ke biyan kuɗin wutar lantarki da na iskar gaz. Magidanci yakan sa hannu sau ɗaya tak, ya ba kampani izinin cire kuɗi daga asusunsa na banki kowane wata, daga nan kuma kampanin ne ke yanke adadin da za a riƙa cirewa. Yadda ake yanke wannan adadi shi ne abin dubawa a wannan mako, domin wanda ya gane shi zai san inda haƙƙin mai saye yake tsayawa, ya kuma san inda ribar mai sayarwa take farawa.

Tushen tsarin dai sanyi ne. A can, daga watan Disamba zuwa Fabrairu gida ba ya zaunuwa sai an ɗumama shi dare da rana, kuma galibin gidaje da gaz suke yin haka. A Yuni da Yuli kuwa, ban da girki da ruwan wanka, kusan babu abin da ake ƙonawa. Da za a bar kowane wata da nasa lissafi, to da takardar Janairu ta ninka ta Yuli sau da yawa, alhali kuwa albashi ba ya kumbura don sanyi ya shigo. Sai aka yi dabarar da manomi ya riga kowa sani, wato a tara lokacin yalwa domin a ci lokacin ƙunci. Magidanci na biyan adadi ɗaya a duk wata goma sha biyu: watannin ɗumi yana zuba fiye da abin da ya sha, watannin sanyi yana ɗiba daga abin da ya tara. Bambancin kawai shi ne, rumbun manomi a gidansa yake, wannan kuwa a gidan kampani aka gina shi.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Da farko kampani zai ƙiyasta yawan wuta da gaz ɗin da gidan zai sha a shekara mai zuwa, yana mai dogaro da abin da ma'aunin gidan ya nuna a shekarar da ta wuce. In gidan sabon shiga ne, sai a dubi girmansa da yawan mutanen da ke ciki, ko kuma a kwatanta shi da matsakaicin gida. A shekarar 2023, hukumar da ke sa ido a kan kampanonin, mai suna Ofgem, ta tsayar da cewa matsakaicin gida na shan kilowat dubu 2 da 700 na lantarki da kilowat dubu 11 da 500 na gaz a shekara. Sa'an nan a ninka wannan ƙiyasi da farashin kowane kilowat. A ƙara da wani kuɗi na dindindin da ake biya kullum ko da ba a kunna ko fitila ɗaya ba, wanda yake kuɗin kula da wayoyi da bututu ne da makamantansu. A ɗora harajin gwamnati na kashi 5 cikin 100. Abin da ya fito a raba shi gida 12. Daga ƙarshe a dubi asusun magidancin: in ana binsa bashi a watsa bashin cikin watanni masu zuwa, in kuma shi ke da rara a rage masa.

Don sauƙin fahimta, a ɗauka da kuɗin sefa ake yin abin. Gidan da aka ƙiyasta zai sha wutar jika 360 a shekara, za a riƙa cire masa jika 30 a wata. To a ce farashi ya ƙaru da rabi, shekarar ta koma jika 540, sa'an nan sanyin da ya wuce ya bar wa gidan bashin jika 60. Jimilla jika 600 ke nan, wato jika 50 a wata. Farashi ya hau da rabi, amma abin da ake cirewa ya hau da kashi biyu cikin uku. Wannan shi ne abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai har su yi zaton an cuce su, alhali sau tari lissafin daidai yake. To amma fa akwai lokacin da zaton nasu ke zama gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, dukan ginin a kan ƙiyasi yake tsaye, kuma mai ƙiyasin yana da abin da zai ci a ciki. In ya ƙiyasta ƙasa da kima, magidanci ya tara bashin da wataƙila ba zai iya biya ba, hasara ta hau kan kampani. In ya ƙiyasta sama da kima, kuɗin magidanci ya kwanta a hannunsa wata da watanni yana juya su, kuma doka ba ta tilasta masa ya biya ko tamma ɗaya a kansu ba. Ɗan kasuwar da aka ba wannan zaɓi ba ya buƙatar a gaya masa gefen da zai karkata. A shekarar 2021, hukumar Ofgem da kanta ta bayyana cewa a watan Oktoba na 2018 rarar da kampanoni ke riƙe da ita, fiye da abin da ake buƙata don ratsa sanyi, tana iya kaiwa fam miliyar 1 da miliyon 400.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tun ƙarshen shekarun 1990 da aka buɗe wa magidanta ƙofar zaɓen kampanin da suke so, ƙananan kampanoni suka yi ta ɓullowa, wasunsu ba su da wani jari na kirki sai kuɗin da masu saye suka biya tun kafin su sha wutar. Muddin gaz na da araha a kasuwar duniya, asirinsu a rufe yake. Sai ga shi a 2021 farashi ya yi tashin gwauron zabo bayan da masana'antu suka farfaɗo daga annobar korona, yaƙin Rasha da Ukraine na watan Fabrairun 2022 kuma ya ƙara wa wutar itace. Ga kuma doka, tun Janairun 2019, ta ƙayyade iyakar farashin da za a iya sayar wa magidanci. Kampanin da bai sayi gaz ɗinsa tun da wuri ba ya wayi gari yana saye da tsada yana sayarwa da hasara. Tsakanin Yulin 2021 da Mayun 2022, kampanoni 29 suka durƙushe, abin da ya shafi gidaje kusan miliyon 4. Mafi girma a cikinsu, mai suna Bulb, da ke da masu saye kimanin miliyon 1 da rabi, sai da gwamnati ta tallabe shi daga Nuwamban 2021 har kampanin Octopus ya karɓe shi a ƙarshen 2022.

Ina makomar hatsin da ke cikin rumbunan da suka rushe? Magidanta ba su rasa rararsu ba, domin doka ta ce kampanin da aka miƙa wa masu sayen shi zai cika musu ita. Sai dai wannan kampani ba daga aljihunsa yake biya ba: yakan mai da kuɗinsa ta hanyar ƙarin da ake watsawa a kan takardar kowane gida a ƙasar. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ruwaito a 2022 cewa dukan ɗawainiyar faɗuwar kampanoni 28, ban da Bulb, za ta kai kimanin fam miliyar 2 da miliyon 700, wato wajen fam 94 a kan kowane gida. Ke nan wanda ya yi ajiya da wanda bai taɓa jin sunan kampanin ba, duka sun yi karo-karo sun biya ɓarnar da wani ya yi.

Ana cikin haka, a watan Afrilun 2022 iyakar farashi ta tashi da kashi 54 cikin 100, lissafin matsakaicin gida ya tashi daga fam dubu 1 da 277 zuwa fam dubu 1 da 971 a shekara. Koke ya yi yawa cewa wasu kampanoni sun fake da guzuma suna harbin karsana. Binciken da Ofgem ta fitar a Yulin wannan shekara ya nuna cewa gidaje fiye da miliyon 7 aka ƙara wa kuɗin wata tsakanin Fabrairu da Afrilu, matsakaicin ƙarin kuma kashi 62 cikin 100 ne. Gidaje kimanin dubu 500 kuwa ninka musu aka yi har da ɗoriya. Hukumar ta umarci kampanonin su sake duba lissafin waɗannan gidaje. Ta yi niyyar tilasta musu su keɓe kuɗin magidanta daga jarinsu, daga bisani a 2023 ta tsaya a kan cewa kowane kampani ya tanadi jari na kansa, ita kuma ta riƙe ikon umartar wanda ta ga ƙafarsa na rawa ya keɓe kuɗin.

Duk da haka, magidancin can ba a bar shi hannu sake ba. Sharaɗin lasisin kampani ne ya gina ƙiyasinsa a kan sahihin bayani mafi kusa da yake da shi, ya kuma yi bayanin yadda ya kai ga adadin in an tambaye shi. Ba a canza abin da ake cirewa sai an sanar da mai asusun tun da wuri, galibi kwanakin aiki 10 kafin ranar. Mai rara na da ikon neman a mai do masa da ita, kuma ba a hana shi sai da hujja. Daɗin daɗawa, tun Mayun 2018, in kampani ya yi sakacin lissafi, ba shi da damar bin magidanci kuɗin wutar da ya sha fiye da wata 12 baya.

A Faransa ma, inda ƴan Nijar da dama ke karatu ko aiki, kampanin EDF da sauran takwarorinsa na da irin wannan tsari. Ana cire adadi ɗaya wata 10 ko 11, sa'an nan a fitar da takardar daidaitawa ta shekara: wanda ya biya ƙasa ya cika, wanda ya biya sama a mai do masa. Rarar da ta haura yuro 25, wato jika 16 da ƴan kai, cikin mako biyu ake mai da ita. Iyakar bin tsohon lissafi a can wata 14 ce. Ma'aunin zamani mai suna Linky, wanda aka fara kafawa a ƙarshen 2015, shi ke aika lambobinsa da kansa, abin da ya rage jayayya a kan ƙiyasi.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan lamarin masu sanyi ne. Gaskiya ne a nan abin a juye yake: daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maƙura, fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki ba sa hutawa, takardar NIGELEC ta yi nauyi, albashi kuwa yana nan inda yake. Ciwon ɗaya ne, watannin ne suka bambanta. Don haka duk ranar da aka zo wa ma'aikaci ko mai shago da tayin raba masa nauyin shekara daidai wa daida ta hanyar banki, tayi ne mai amfani, amma akwai tambayoyin da suka kamata ya riga sa hannu da su. Da wane ma'auni aka yi ƙiyasin? Sau nawa za a sake duba shi a shekara? In an samu rara, kwana nawa za ta yi kafin ta dawo? In kuma mai riƙon ya gaza, wa zai biya? Amsar irin waɗannan tambayoyi aikin hukuma mai sa ido ne, kamar ARSE da aka kafa a Nijar a 2015, ta tabbatar an rubuta ta a sarari tun kafin a fara.

Akwai kuma awo guda mai sauƙi da ya isa kowa ya gane ko an yi masa adalci. Rumbu yakan cika ne gab da lokacin buƙata, ya kuma kusa ƙarewa idan lokacin ya wuce. Magidancin Ingila da ya ga rara mai yawa a asusunsa a watan Oktoba, babu abin damuwa, guzurin sanyi ne. Amma in Mayu ya kama, sanyi ya tafi, ya tarar har yanzu rumbun a cike yake, to an yi masa ƙiyasi fiye da cikinsa, kuma lokacin neman haƙƙinsa ya yi. Hujjarsa a wannan rana ita ce lambar da ke jikin ma'auni. Wanda ya saba rubuta ta a littafi ranar ɗaya ga kowane wata, kamar yadda mai shago ke rubuta shige da ficen kayansa, shi ne zai iya zama da kampani su yi lissafi ido da ido.