Wa zai ɗauki nauyin ɗakunan karatu?

A 2024 hukumomi suka sauke sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai, suka ɗora na Mustafa Alasan, gwanin sinima na ƙasa. A watan Maris na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar Farankofoni, wadda ta daɗe tana ɗawainiya da ƙananan ɗakunan karatu na CLAC a cikin jihohi. An yi jawabai masu daɗi game da ƴancin kai. Saura tambayar da ba ta jawo tafi: wa zai sayi littattafai, wa zai biya kuɗin wuta, wa zai gyara kwamfuta in ta tsaya?

Wanda ya zaci maganar ta ƴan lakkwal ce kaɗai, ya dubi kasuwa. Tun 2021 ma'aikatar haraji ta shigo da rasit na na'ura, ita kuwa duwan da tsarin SYDONIA take karɓar bayanin kaya. Gwamnati da kanta ke tura talaka gaban kwamfuta. Babban attajiri na Maraɗi bai ji komai ba, yana da akawu, yana da janareto. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ke zuwa shagon intanet, ya miƙa wa yaron da bai sani ba lambarsa ta haraji da asirin cinikinsa, sa'annan ya biya. Haka ɗan kwantaragi mai neman shiga aikin gwamnati yake fama da takardunsa.

Za a ce ai ga salula a hannun jama'a. Salula ta isa gaisuwa da tambayar farashin albasa a Galmi, amma da wuya ta koya wa mutum tsara wasiƙa ko lissafin shago. Kuma a 2023 masu shiga intanet a ƙasar ba su kai mutum ɗaya cikin huɗu ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin baitulmali ba: ɗaki guda a kowane babban gari, kwamfutoci kaɗan masu aiki, da farantan hasken rana, domin ba a manta duhun Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wuta. Mafi muhimmanci shi ne ma'aikaci mai albashi tabbatacce, wanda zai zauna da mai sayar da goro ya koya masa cikin Hausa, harshen da dokar 2025 ta mai da na ƙasa. An sha ganin na'urorin kyauta, a buɗe su da kiɗa da ƴan jarida, bayan shekara guda ƙura ta rufe su.

Akwai asusun da kamfanonin sadarwa ke zuba wa kuɗi domin a kai sadarwa inda babu. Ya kamata a bayyana wa jama'a abin da ke cikinsa, a kuma rubuta kason ɗakunan karatu a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.